Tramol, Kodin, Mofin da Allurar da ke Karya Su: Tambayoyin Mutanen Maraɗi da Amsoshinsu

Shekarun da na yi ina aikin magani a Maraɗi sun nuna mini cewa ba a yin irin waɗannan tambayoyi a bainar jama'a. Sai layi ya ƙare uwa za ta dawo da baya, ta gyara mayafi, ta rage murya ta ce, "Ɗana, akwai wata 'yar magana." Ko ɗan kabu-kabu ya tsaya bakin ƙofa, bai ko kashe babur ba, ya ce wai abokinsa ne ya aiko shi. Na tattara waɗanda aka fi maimaita mini, na amsa su yadda nake amsawa baki da baki. Wanda ba ya da lokacin karanta duka, ina roƙonsa ya karanta wurin da na yi maganar numfashi.

Wai tramol da kodin da mofin duk abu ɗaya ne?

Dangi ɗaya ne, ƙarfi ne ya bambanta. Sunan gidan nasu ofiyoyid. Kakansu wani fure ne da ake nomawa a ƙasashe irin su Afganistan da Indiya da Miyanma. Idan aka tsaga ƙwallonsa yana fitar da farin ruwa kamar na tumfafiya, ya bushe ya yi duhu, shi ne ofiyom. Wajen 1805 wani Bajamushe mai haɗa magani, Friedrich Sertürner, ya ware mofin daga cikinsa. A 1832 Bafaranshe Pierre Robiquet ya ware kodin. Daga mofin aka sarrafa hirowin a Landan a 1874, har kamfanin Bayer ya sayar da shi a matsayin maganin tari daga 1898, kafin duniya ta gane abin da ta ɗauko.

Wasu kuma a ɗakin bincike aka ƙera su, ba su taɓa ganin gona ba. Metadon a Jamus aka yi shi gab da yaƙin duniya na biyu. Fentanil Paul Janssen ne ya haɗa shi a Beljiyam wajen 1960, ƙarfinsa ya ninka na mofin sau 50 zuwa 100. Tramadol, wanda muke ce wa tramol, kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977. Shi da kodin ƙarfin kowannensu kusan kashi ɗaya ne cikin goma na mofin. Har maganin zawo da ake kira loferamid ɗan gidan ne, sai dai shi a hanji yake tsayawa.

Ta yaya ƙwaya ke sanin inda ke ciwo?

Ba ta sani ba. Ba ta zuwa ga ciwon ma, hanyar da labarinsa ke bi take tarewa.

A jikin jijiyoyin laka da na ƙwaƙwalwa da na hanji akwai wasu 'yan gurabe da aka halitta daidai da siffar waɗannan magunguna, kamar kwaɗo da makullinsa. A 1973 aka tabbatar da su, cikin waɗanda suka yi aikin akwai Candace Pert da Solomon Snyder na jami'ar Johns Hopkins a Amurka. Manyan cikinsu uku ne, ana kiran su da sunayen haruffan Girkanci, "mu" da "kafa" da "delta", kuma yawancin abin da ya shafe mu a gurbin mu yake faruwa. Masana sun tambayi kansu, me zai sa a halicci kwaɗo a jikin ɗan Adam don makullin da ke cikin fure? A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz na Abadin a Sikotilan suka gano cewa jiki yana yin nasa makullin. Su ne ake kira enkefalin da endofin. Suna cikin dalilan da ke sa ɗan kokowa ya karye a yatsa cikin fili bai sani ba, sai an tashi, ganga ta yi shiru, sannan ya fara riƙe hannu.

Idan mofin ya zauna a gurbin mu, jijiyar takan rufe ƙofofin da sinadarin kalsiyam ke shiga, ta buɗe waɗanda fotasiyam ke fita, sai ta yi sanyi, saƙon da take miƙa wa ta gaba ya raunana. Karaya na nan, ƙari na nan, amma labarinsu ba ya isa sama da ƙarfi, ɗan abin da ya isa ma ba ya damun mai shi. Wannan babbar rahama ce ga wanda ya ƙone ko aka yi wa tiyata. Sai dai haƙorin dariya shi ke cizo. Gurbin nan dai shi ke kawo barci, da tashin zuciya, da ƙaiƙayi, da taurin bayan gida, da wani daɗi da ke sa a so a ƙara.

To me ke kashe mutum in ya sha da yawa? Zuciya ce ke bugawa?

Numfashi ne ke tsayawa, zuciya daga baya take biyo shi.

A gindin ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya, akwai wurin da ke tsaron numfashi dare da rana. Shi ke jin gurɓatacciyar iska ta taru a jini, ya umarci ƙirji ya ja sabuwa. Shi ya sa muke barci ba mu mutu ba. Wannan wuri ma cike yake da gurbin mu. Idan magani ya yi yawa, mai tsaron sai ya yi gyangyaɗi. Mutum ba ya jin an shaƙe shi, ba ya fafutuka, ba ya kiran kowa. Numfashin ne ke yin nisa da juna a hankali har ya ɗauke.

Na taɓa karɓar wani yaro da abokansa na fada suka kawo cikin adaidaita da asuba. Suka ce tun wajen ƙarfe ɗaya yake barci a kan benci, shayinsa na gefensa bai sha ba, har suna yi masa dariya saboda munsharin da yake ja. Ba munshari ba ne, maƙogwaro ne ya saki, harshe ya koma baya. Da na ɗaga fatar idonsa, baƙin tsakiyar ya tsuke kamar bakin allura. Na juya leɓensa na ƙasa, cikinsa ya yi toka-toka. Na sa ido a ƙirjinsa ina duban agogo, sau 6 ya ɗaga a minti ɗaya. Yaran nan suna son abokinsu, ɗaya ma kuka yake yi. Ba wanda ya taɓa gaya musu abin da za su duba.

Alamun uku ne. Ba ya tashi ko an kira shi an girgiza shi. Baƙin ido ya tsuke. Numfashi ya ragu ko yana gurnani. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, in ya yi ƙasa da 10 kada a jira gari ya waye. A baƙar fata ba a ganin canjin launi a fuska da wuri, a duba cikin leɓe da dasashi da farce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kusan mutum 125,000 ne suka rasu ta wannan hanya.

Haɗarin kuma ninkuwa yake idan aka haɗa da giya, ko diyazefam, ko kowane maganin barci, domin kowanne ta tasa ƙofar yake danne numfashi.

Malam, tramol ai mai sauƙi ne, ƙarfin aiki kawai yake ba ni.

Wannan maganar na fi ji, daga 'yan kabu-kabu, da masu dako a kasuwa, da leburorin gini, da masu zuwa haƙar zinariya. Ba na ce ƙarya suke yi ba, da gaske suna jin abin da suke cewa. Tramol fuska biyu gare shi. Ta ɗaya, hanta na juya shi zuwa wani sinadari da ke kama gurbin mu sosai fiye da shi kansa. Ta biyu, yana ƙara yawan wasu sinadaran ƙwaƙwalwa guda biyu, serotonin da noradirenalin, kamar yadda wasu magungunan ciwon damuwa ke yi. Daga nan kuzarin ke zuwa, da rashin jin yunwa, da jinkirin kawowa da wasu maza ke nema. Amma ba ya ƙara wa tsoka komai. Gajiyar na nan tana taruwa, jin ta ne aka toshe, kamar jakin da aka ƙara wa kaya don bai yi kuka ba. Wanda ya daɗe yana sha kuma sinadarin mazakutarsa raguwa yake yi, abin da ya je nema shi yake rasawa.

Fuska ta biyun ita ke kawo farfaɗiya. Iyakar da littattafan magani suka sa wa babba ita ce miligiram 400 a yini, a rarrabe, kuma ƙwayar asibiti 50 ce ko 100. Wadda ke yawo a teburan bakin hanya an rubuta mata 120, ko 200, ko 225, har 250. Biyu daga cikin masu 225 sun riga sun wuce iyakar yini. Kuma ba wanda ya auna ya tabbatar abin da aka rubuta shi ke ciki. Ka tuna mutumin da farfaɗiya za ta kama yana bisa babur, da mace da goyo a bayansa.

Bayan Indiya ta tsaurara dokar tramadol a 2018, sai wasu ƙwayoyi suka fara shigowa Afirka ta Yamma masu kama da shi a kati, amma cikinsu tafentadol ne, wanda ya fi shi ƙarfi, haɗe da wani maganin sakin tsoka mai suna karisofurodol. A wannan shekarar ta 2018 ne kuma Najeriya ta hana maganin tari mai kodin. Mu da ke bisa hanyar Ɗan Isa da Jibiya, duk abin da ya motsa a kasuwar can sai ya taɓa tamu. Jami'an OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, da na duwan suna kamawa, amma mai sha shi ke biya da jikinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ni da abokina iri ɗaya muka sha, shi ya faɗi, ni ko a jikina. Me ya sa?

Hanta ce. Kodin da kansa kusan ba ya aiki sai wani sinadarin hanta mai suna CYP2D6 ya mayar da wani sashe nasa mofin, kuma shi ne dai ke juya tramol. Gado ake yin sa. Wani nasa ba ya aiki sam, wani kuma nasa gudu yake yi, ɗan kaɗan sai ya cika masa jini. Masu irin wannan hanta mai sauri suna da yawa a Habasha da Arewacin Afirka da ƙasar Larabawa, a Habasha an samu kusan mutum 3 cikin 10. Ba a ganewa a fuska. Ga kuma bambancin ƙoda, da shekaru, da sauran magungunan da mutum ke sha.

Saboda haka ne ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba kodin ko tramol, kuma ake hana mai shayarwa, don yana bi ta nono. Jaririn da ya yi laushi, ya ƙi kama mama, barcinsa ya yi nauyi bayan uwar ta sha irin wannan, a kai shi asibiti a lokacin.

Me ya sa da ɗaya ke isa ta, yanzu sai huɗu?

Jijiyoyi ba sa son a danne su kullum. In abin ya daɗe sai su rage gurabe, su ƙara wa kansu kaifi don su daidaita. Sai adadin jiya ya kasa. Ranar da aka rasa ƙwayar kuma, kaifin nan sai ya fito fili: hamma, hawaye, majina, gumi, tsikar jiki, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki, zawo, rashin barci. Ga ƙwayoyi masu gajeren aiki yakan fara cikin awa 6 zuwa 12, ya yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako guda. Mai tramol yakan ƙara da fargaba mai tsanani, da jin kamar ana tsira masa allurai, wani har ya ga abin da babu, gida su ɗauka iska ce ta taɓa shi.

Ga abin da nake so iyaye su riƙe. Sabon da jiki ya yi yana zubewa cikin 'yan makonni in aka daina. Wanda ya fito daga gidan kaso, ko daga asibiti, ko daga wajen malam inda aka tsare shi wata biyu, in ya koma ya sha adadin da ya saba, jikinsa ya zama na sabon shiga. Kwanakin da gida ke murnar ya shiryu su ne mafi haɗari a rayuwarsa. A gaya masa wannan ƙarara, ko da ya rantse ba zai koma ba.

An ce akwai allurar da ke tayar da wanda ya suma. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, sunanta nalokson. Jack Fishman da Mozes Lewenstein suka yi mata rajista a Amurka a 1961, aka amince da ita a 1971, kuma tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Siffarta ta yi kama da ta mofin ƙwarai, har ta fi shi iya kama gurbin, sai ta ture shi ta zauna. Amma makulli ne da ke shiga kwaɗo ba ya murɗawa. Ba ta kashe ciwo, ba ta sa maye, ba a sabawa da ita. Kwalbarta ƙarama ce, miligiram 0.4, ana yi a jijiya ko a tsoka. Cikin minti 2 zuwa 3 sai ka ga ƙirji ya fara ɗagawa. Duk wanda ya ga wannan sau ɗaya ba ya mantawa.

Akwai ta fesawa a hanci, wadda tun 2023 ake sayarwa a Amurka ba tare da takardar likita ba, kuma tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa nalokson a hannun waɗanda za su iya tarar da mai suma, wato iyali da abokai. A ganina nan ya kamata mu dosa. A wajenmu masu sa barci a ɗakin tiyata ne suka fi saninta.

Abu biyu game da ita. Aikinta minti 30 zuwa 90 ne kawai, alhali tramol na yin awanni a jini, metadon ya fi yini. In ta fita daga gurbin, wanda ta tura yana nan yana jira, mutum na iya sake sumewa a gida. Don haka ko ya tashi ya ce a bar shi ya tafi, a roƙe shi ya zauna. Na biyu, wanda jikinsa ya saba zai farka cikin azabar rashin ƙwaya, da amai da gumi da faɗa. Ba rashin kunya ba ne, aikin allurar ne.

Tana yi wa tramol?

Rabi. Tana gyara numfashi, domin wannan aikin gurbin mu ne. Ba ta hana farfaɗiya, shi ya sa likita ke ba da ita kaɗan-kaɗan, da allurar farfaɗiya a kusa. Ba ta karya giya, ko diyazefam, ko karisofurodol. Ku zo da katin abin da ya sha, ko da fanko ne, kuma ku faɗi gaskiya. Aikinmu mu ceci ransa.

Kafin a isa asibiti fa? A ba shi madara?

Kada a ɗura masa komai. Ba madara, ba ruwan gishiri, ba lemun tsami, ba man ja. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, abin huhu zai tafi. Kwara masa ruwa da mari ɓata lokaci ne. A kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga haɓarsa, a share bakinsa in ya yi amai. In numfashin ya yi nisa ƙwarai, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura masa iska a baki sau ɗaya duk daƙiƙa 5, ana kallon ƙirji na ɗagawa, har cikin mota. In yana farfaɗiya a kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa cokali a bakinsa. Yawunsa ba ya sa wa kowa farfaɗiya, kada a gudu a bar shi.

Ɗana, ba wani maganin da zan sa masa a fura bai sani ba, ya tsani abin?

Inna, na san abin da ya kawo ki ga wannan tunani, amma kada ki yi. Maganin da kika ji labari naltirekson ne, ɗan'uwan nalokson da ake haɗiya, wanda Amurka ta amince da shi a 1984. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 50 na toshe gurbin yini guda, akwai kuma allurarsa ta wata-wata. Sai mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 ba ofiyoyid a jikinsa ake fara shi. In aka ba wanda ke kan sha, cikin ɗan lokaci zai shiga amai da zawo da ruɗewa da za su iya kai shi gadon asibiti. In kuma ya ji ƙwayarsa ba ta kama shi, zai ninka ta don ya fi ƙarfin toshiyar, nan ake rasa rai. Yana amfani ne ga wanda ya yarda da kansa, likita na bin sa.

Metadon da bufirenofin ba sauya wata ƙwaya da wata ba ne?

Magunguna ne da likita ke ba wanda ya kamu da ofiyoyid a madadin ƙwayar da yake sha. 'Yan gidan ne, ba a ɓoye wannan. Bambancin shi ne suna shiga a hankali su daɗe, babu hawa da faɗuwa, mutum na iya zuwa gona ya yi salla cikin natsuwa ba ya tunanin inda zai samo ta gaba. Bufirenofin rabin murɗawa yake yi wa kwaɗon, don haka danne numfashinsa na da iyaka in ba a haɗa shi da maganin barci ba, kuma yana riƙe gurbin da ƙarfi ya hana wasu shiga. Bincike mai yawa ya nuna waɗanda ke kan wannan magani sun fi tsira da ransu, kuma tun 2005 suna cikin jerin Hukumar Lafiya ta Duniya. A yankinmu Senegal ce ta fara, da CEPIAD, cibiyar kula da waɗanda suka kamu da shaye-shaye, da aka buɗe a Dakar a ƙarshen 2014. Ga mai tramol, abin da likita ya fi yi shi ne rage adadi sannu a hankali cikin makonni, tare da maganin zawo da na ciwon jiki da na barci. Mai juna biyu kada ta yanke lokaci ɗaya, cikin na iya taɓuwa, ta gaya wa ungozoma tun a awo.

An rubuta wa mahaifiyarmu mofin saboda ciwon daji. 'Yan'uwa sun ce shi zai ƙarasa ta.

Wannan tambayar ta fi kowace taɓa ni, domin tsoron tramol ya sa muna hana masu haƙƙi haƙƙinsu. Na ga tsohuwa ta kwana uku tana cizon zane, kwalbar maganin na kan kwaba ba a buɗe ba, 'ya'yanta na zaune suna hawaye suna ganin kare ta suke yi. Mofin da likita ya auna, ya fara da kaɗan yana ƙarawa daidai da ciwon, ba ya gajarta kwana. Ciwon kansa yana zaburar da numfashi, kuma jiki na saurin sabawa da wannan ɓangaren in ana hawa a hankali. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na maganin ciwon daji: a fara da irin su farasitamol, in bai isa ba a hau kodin ko tramadol, in bai isa ba a hau mofin. Duk da haka mafi yawan mofin ɗin duniya ƙasashe masu arziki ke shanye shi. Yuganda ta nuna ana iyawa, tana haɗa na ruwa mai araha, kuma tun 2004 ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi.

Haka masu amosanin jini. Yaron da ciwon ƙashi ya tayar wa yana ihu ba ɗan ƙwaya ba ne. Abin da nake jan kunne a kai shi ne allurar fentazosin da wasu ke koyon yi wa kansu a gida, tana sa sabo, tana kuma lalata tsoka ta bar gyambo a cinya.

Ku ba Hajiya maganinta a kan lokacin da aka rubuta, kada ku jira sai ta yi kuka. Kwanakin farko za ta yi gyangyaɗi, wataƙila da tashin zuciya, waɗannan suna wucewa. Taurin bayan gida ne ba ya wucewa, don hanji ba ya sabawa, saboda haka ku nemi a rubuta mata maganin sassauta ciki tun ranar farko, ta yawaita ruwa da miyar kuɓewa ko ta lalo in tana iya ci. Mutum ɗaya ya riƙe kwalbar, ya kulle ta a akwati, ya rinƙa rubuta awa da adadi a takarda, ya tafi da takardar duk ranar komawa wajen likita.